Lamba Talatin da Ɗaya

…kuma ai ba ni na ce ta ajiye su a gidana ba. Na roƙa? Ban roƙa ba. Asibiti na nan, gidan fasto ma akwai firji. Ita ta zo ta tsaya a bakin ƙofar nan da kula a hannu, ta ce, Mama, duk Zuru ba gidan da na tabbata ba za a taɓa mini kaya ba sai naki. Haka ta ce, Baban Joel. 'Yarka Dinah, da ka mutu ka bari tana aji uku. Yanzu Dakta ake ce mata, amma ba irin mai yin allura ba.

Tuwon nan zai yi gudaji in ban tuƙa ba. Ta ce ƙarfe uku za ta iso. Rana ta wuce kan mangwaro… saura kaɗan.

Bara ne, da damina kamar yanzu. Bincike, in ji ta. Ita da wasu mutane a ƙasashe goma sha ɗaya, kowa a garinsu yana bin masu walda da masu fenti da masu jima. Wai akwai wani abu cikin hayaƙin ƙarfen nan mai ƙyalli, wanda ba ya tsatsa, da masu hali suke yin ƙofa da madafar bene da shi yanzu. Kuromiyam. Sau uku ta faɗa mini kafin bakina ya kama. Ba a ganinsa, in ji ta, ta hanci yake shiga ya zauna a ƙirji, ya yi shekaru yana cin mutum shiru. Na ce to in ba a ganinsa ke ta ina kika gan shi? Ta yi murmushi. Ba ta amsa mini da baki biyu, ban yi mata wannan tarbiyya ba.

Jini dai maza sun ƙi. Sun yi daidai. Sai ta ce to fitsari. Magidanta arba'in, masu mata da 'ya'ya, daga nan cikin gari da Dabai har Danko, kowa da 'yar kwalbar roba a aljihu kamar marar lafiya. Ɗaya ran Litinin da safe kafin a kunna inji, ɗaya ran Juma'a da yamma bayan an tashi. Kuma 'yata ce, mace, take miƙa hannu tana karɓa. Wannan ne karatun? Wannan ne abin da Joel ya bar makaranta ya kama walda dominsa, don ƙanwarsa ta zama mai tara fitsarin maza? Na faɗa mata. Ba na ɓoye magana… a da ba na ɓoyewa.

Kwalba tamanin a firjina. Ita ta saya mini shi, ita ta sa aka kafa sola a kan rufi, to me zan ce? Na kwashe daddawata da ɗan naman da ke ciki na ba su wuri. Kwana tara kafin motar da za ta kai su ta zo. Kwana tara ni da su a ɗakin nan, yana gurnani, ina zaune.

Har yanzu yana gurnani. In ba shi ba, ba abin da ke magana a gidan nan daga Lahadi zuwa Lahadi.

Ba suna a jikinsu, lamba kawai. Wai don kada a san na wane ne. Aji biyu na yi a makarantar mishan kafin babana ya ce gona ta fi, baƙaƙen duk sun gudu daga kaina, amma lamba — lamba na sani. Kuma Joel da kansa ya gaya mini tasa. Ya shigo ran Litinin ɗin, da 'yar na'ura maƙale a wuyan rigarsa tana ƙara kamar sauro, wadda ke shaƙar iskar da yake shaƙa, yana dariya. Mama, yau sunana talatin da ɗaya. Babban mutum mai shekara arba'in da shida, ga furfura ta fara, yana ta murna kamar an ba shi kyauta. Na ce cire takalminka.

Na tambaye ta. Ba za a ce ban tambaya ba. Na ce ina za a kai? Ta ce Legas, daga nan jirgi, zuwa wata ƙasa da rana ba ta fitowa sosai in lokacin sanyinsu ya zo, can ne injin da ke iya aunawa yake, duk ƙasashen can suke aikawa don ma'aunin ya zama ɗaya. Na ce in an gama aunawa fa, a zubar? Ta ce a'a, sauran za a ajiye a ɗakin ƙanƙara shekara goma, ko za a buƙata.

Shekara goma. Abin da ya fito daga jikin ɗana, a hannun mutumin da ban san uwarsa ba.

Innata a Dabai, in an yi wa yaro aski ba ta barin gashi ko ɗaya a ƙasa. Ta share, ta ƙulle a ganye, ta kai bayan rumbu ta binne. Farce haka. Haƙorin da ya faɗi haka. Ba ta taɓa gaya mana dalili ba, mu ma ba mu tambaya ba. Abin jikinka ba ya kwana a hannun baƙo, shi ke nan. Ni kuwa na shiga bin Almasihu da ƙafafuna biyu, ka sani, kai shaida ne, ni na tara layun uwarka na ƙona a tsakar gida tana kuka ban ɗaga kai ba. Shekara ashirin da biyu ina jagorar Zumuntar Mata. Wace ce ta kai ɗanta wurin mai duba ban tsayar da ita gaban mata ba? To me ya… ban sani ba. Hannuna ne ya tuna abin da bakina ya daɗe da tsinewa.

Kai ma fa. Da ka dawo daga Laberiya da zazzaɓin nan, a asibitin bariki, kullum da safe sai yarinya ta zo da allura ta ja. Kwalba yau, kwalba gobe. Ina zaune a ƙasa kusa da gadonka ina kallo ana fita da kai kaɗan-kaɗan a cikin tire. Ba wanda ya ce mini ga abin da aka gani. Ranar da suka miƙo mini takalmanka da bel, na so in ce ina jinin? Ban ce ba. Matar saja ba ta tambayar ofisa. Har yau ban san inda jininka yake ba, Baban Joel. Kai da ka yi shekara bakwai kana golmo a gonar babana, kana nome masa dawa kafin a ba ka ni, rabinka na binne, rabin kuma…

Wutar ta yi yawa. Bari in ja itace ɗaya.

Ran Asabar ce. Dinah ta tafi Danko karɓo na can da suka makara. Rana tsaka, tsit, kaji ma sun shige inuwa. Na sa sakata. Na buɗe firji na bi su layi-layi da yatsa, ta jera su da kyau, wannan kam ta gado ni. Talatin da ɗaya, biyu ne. Na kai bayan ɗaki na haƙa rami da ƙaramar fartanya, na zuba, na rufe, na taka. Na wanke kwalaben da tafasasshen ruwa sau uku. Ba da sabulu ba, kada ya yi ƙamshi. Sai na cika da nawa.

Na Juma'ar ya fi duhu, na lura. Don haka ɗaya kawai na cika ranar, ɗayan na ɓoye a cikin tukunyar ƙasa, na ƙi shan ruwa har washegari, na je sujada da maƙogwaro a bushe, na rera waƙa, na tsawata wa wata yarinya da ta shigo ba ɗankwali, na dawo kafin Dinah na cika shi ya yi daidai launi. Ka gani? Ba cikin ruɗu na yi ba. A natse na yi, yadda nake yin kome.

Har addu'a na yi a kai. Na ce Ubangiji, in akwai wani mugun abu da za a yi da wannan, ya sauka a kaina. Daga jikina ya fito. Wata tara yana shan abin da na sha. Nawa da nasa ai ɗaya ne, in akwai ciwo a gida za su gani a nawa ma, in kuma sharri ne ni zai samu. Haka na lissafa. Wa zan tambaya? Fasto, yaron da aka yi wa baftisma a gabana? Matan Zumunta, da in na shigo suke gyara zama su yi shiru? Ba ni da wadda zan ce mata, ke, zo ki ji, kaza nake so in yi, ya kika gani? Ban taɓa samu ba. Ban taɓa nema ba.

Da mota ta zo, ni na riƙe mata murfin kula tana jerawa. Ta ce na gode, Mama. Na ce ki kwashe ƙazantarki. Sati guda ina wanke firjin da toka.

Wata takwas shiru. Na ɗauka ya wuce. Aka yi girbi, aka yi Kirsimeti, na ce to, sun kai can sun manta, irin aikin masu karatu.

Sai ga ta da zafin bazara, da ambulan arba'in.

A ɗakin nan ta kafa kwamfutarta, don nan ne wuta ba ta ɗaukewa. Fuskoki a ƙananan akwatuna, baƙi da farare, wani da rawani irin na Indiyawa, wata tsohuwa mai farin gashi gajere kamar na namiji. Sa'ata ce, ko ta girme ni. Na wuce da tsintsiya ta ɗaga mini hannu. Ban ɗaga ba. Na fita na zauna a kan turmi ina jin 'yata tana Turanci a ɗakina da muryar da ban san tana da ita ba, mai ƙarfi, tana katse maza. Ban gane kome ba sai lambar. Ta yi ta dawowa. Lamba na sani ko da Turanci, a bariki na koya.

Da ta fito idonta ya yi ja, amma dariya take. Ta ce Mama, na Yaya Joel ya fi na kowa tsabta. Cikin arba'in. Kamar mutumin da bai taɓa tsayawa kusa da walda ba. Ta ce abin da ya ɗaure musu kai shi ne na'urar wuyan rigarsa ta nuna shi ya fi kowa shaƙar hayaƙin. Tsohuwar can ta ce ko an sami kuskure a hanya, ko kwalba ta musanya, ko wani ya taɓa. Ta ce, sai na gaya musu, kwalaben nan a firjin uwata suka kwana. Ba ku san Mama ba. Ƙuda ma sai ya nemi izini.

Na ce ɗauko mini tsintsiyar.

Me ya sa ban faɗa ba a lokacin? Lokacin ne fa. Tana tsaye, ni ina zaune a kan turmi, ba kowa. Baki ɗaya kawai. Amma tana dariya… yaushe rabon da ta yi dariya a tsakar gidan nan? Kuma na ce a raina, to, ba ga shi ba, lafiya ƙalau, ai nawa da nasa ɗaya ne. Na riƙe wannan na kwana da shi. Na tashi da shi. Ya ɗauke ni kusan wata biyu.

Mutum goma sha huɗu nasu ya yi sama. Su aka ba takunkumi mai kwalba biyu a gefe, aka sa musu fanka mai janye hayaƙi, aka ce su fito da teburinsu waje. Michael, da shagonsa ke manne da na Joel, nasa ne ya fi na kowa, matarsa ta yi ta kuka a coci. Yanzu ga shi nan ya yi ƙiba, ya daina karɓar aikin ƙarfe mai ƙyalli gaba ɗaya, sai baƙin ƙarfe. Su duka sun rage. To aikin wa ya koma wa? Duk mai son ƙofa mai ƙyalli daga nan har Dirin Daji, shagon Joel. Jikinsa ba ya riƙe abin, haka ake faɗa a layin masu walda. Shi da tsummansa da yake jiƙawa ya ɗaure a hanci, da gwangwanin madara da yake sha in ya tashi, wai tana wanke ƙirji. Dinah ta ce masa madara ba ta wanke kome, ta ba shi takunkumi duk da haka, ta ce Yaya, a sake aunawa, don Allah, sau ɗaya. Ya rataye takunkumin a ƙusa. Ya ce ke, jarrabawa ɗaya na taɓa ci a duniya, kuma ki ce in sake?

Ya kai takardar sakamakon an lulluɓe ta da roba. Tana jikin bango sama da injinsa, kusa da kalandar coci. Ɗanka da malamai suka yi ta kora, da ni kaina na yi ta duka a kan karatu har na haƙura… takarda ta farko da ta taɓa yabonsa. Da hatimin wata ƙasa a ƙasanta. Yana nuna wa mutane.

Gishirin miya. Na sa ko ban sa ba? Ban sa ba. Ko na sa…

Haɓo ya fara wa Joel da farkon ruwa. Gladys matarsa ce ta gaya mini, ta zo ran Alhamis ta durƙusa can nesa kusa da randa, ba ta matsowa, ba wanda ke matsowa. Ta ce Mama, kullum sai na wanke rigar matashinsa. Ta ce ga gyambo biyu a yatsunsa sun yi rami sun ƙi rufewa, ba ya jin ƙamshin miya, in ya hau tudun gidansu sai ya tsaya sau biyu. Ki yi masa magana, ke kaɗai yake ji. Ka san abin da na ce mata? Na ce ki dinga ba shi abinci a kan lokaci. Ta ce to, Mama. Ta tashi ta tafi da baya-baya.

Na yi masa maganar. Kada ka ce ban yi ba. Na taka har shagon da rana, na tsaya a waje don hasken nan mai kashe ido, hayaƙi yana fitowa ta ƙofa rawaya-rawaya. Na ce Joel, sa abin nan a hancinka. Ya kashe inji ya fito yana share hannu, ya rusuna. Ya ce Mama, ke ce yau da kayan Turawa? Ya juya ya nuna mini bango. Ga shi a rubuce, Mama. Dakta ce ta kawo da hannunta.

Na tsaya ina kallon takardar. Ban iya karantawa ba, sai lambar.

Yau a sujada, da fasto ya ce kowa ya yi addu'a a zuciyarsa, majami'a ta yi tsit, na ji shi. Daga ɓangaren maza, layi na huɗu. Wani siririn fito, in ya ja numfashi, in ya saki. Dinah ta taɓa faɗa, tun bara, tana nuna wa mazan hoto, cewa abin yana huda tsakanin hanci ya yi ƙofa, in ka ji mutum yana fito ba da baki ba… Kowa ya sunkuya, ni ina ƙirga numfashin ɗana daga ƙetaren hanya. Da aka tada waƙa tari ya kama shi, ya fita. Shi da a da muryarsa ke riƙe ɓangaren maza duka. Ban tsaya taron Zumunta ba. Na ga sun kalli juna. Shekara ashirin da biyu ban taɓa fashi ba.

Gobe da sassafe mota za ta kai goma sha huɗun Sakkwato, a ɗauki hoton ƙirjinsu, likitan hanci ya duba su. Binciken ne ya shirya. Sunansa ba ya ciki, ta yaya zai kasance? Ta ce a waya, Mama, akwai kujera ɗaya, na ajiye, in zai yarda. Ba zai yarda ba. Muddin takardar nan tana bango ba zai hau motar marasa lafiya a gaban Michael ba. Jininka ne, taurin kai kamar dutsen Dabai. Nawa ne kuma.

To in je in cire ta in sa a murhu? Dinah za ta buga masa wata, tana cikin kwamfuta. In ce firjin ya mutu kwana biyu ban faɗa ba? Wata ƙarya a kan ƙarya, kuma ta ɓata na mutum arba'in. In kira shi shi kaɗai, in ce Joel, kada ka gaya wa ƙanwarka — zai gaya mata. Ba ya iya riƙe magana, tun yana ƙarami.

In kuma na gaya mata… dole ta koma gaban fuskokin nan. Ta kalli tsohuwar mai farin gashi ta ce, kin yi gaskiya, an taɓa. Wa? Uwata. Wadda na ce ba ku sani ba. Kuma in an taɓa biyu, wa zai rantse a kan sauran saba'in da takwas? Na ji ta tana faɗa wa wani a waya cewa ta sha wuya kafin su yarda a sa Zuru a ciki, wai sun ce ba wuta, ba hanya, ba tabbas. Shekara uku tana roƙo. Ni kuma da fartanya da tafasasshen ruwa.

Tana 'yar shekara tara ta fasa gilashin fitila ta ce kaza ce. Na sa ta durƙusa a nan, daidai inda turmin yake, da dutse a kowane hannu, rana tana dukan ta. Joel ya zo ya ce shi ne, na ce kai ma durƙusa. Ba don gilashin ba. Na ce a gidan nan ba a ƙarya, uba ba ya nan, in aka fara ƙarya gidan ya rushe. Har la'asar ta kai kafin ta ce ni ce, Mama. Leɓenta ya tsage. Na ba ta ruwa na ce yanzu kin zama mutum. Ban rungume ta ba, don kada ta ɗauka abin wasa ne. Ita ta ɗauki awa huɗu. Ni na doshi shekara.

Uwa tana durƙusa wa 'yarta? A ina aka taɓa yi? Ban ga innata ta yi ba. Ko kalmar neman gafara ban san yadda take fita ba, da Hausa ko da harshenmu, ban taɓa… kai ma ban taɓa ce maka ba, ka tuna, sai dai in sa maka nama mai yawa a miya ka gane.

Kamar mutumin da bai taɓa tsayawa kusa da walda ba.

To ai gaskiya suka faɗa. Injinsu bai yi kuskure ba ko kaɗan. Ban taɓa tsayawa ba. Takardar da ke bangon nan tawa ce, Baban Joel. Ni aka auna. Ni aka ɗauka a jirgi aka kai ƙasar da ba rana, masana suka taru a kaina daga ƙasa goma sha ɗaya, suka ce wannan lafiyarta ƙalau, ba abin da ke cin ta. Shekara saba'in da ɗaya, ina hawa tudu da itace a kai ban tsaya ba. Na ce in akwai mugun abu ya sauka a kaina, ga shi kuwa ni ce na karɓi albishirin. Nasa yana bayan ɗaki, ruwan damina biyu ya wanke shi, ba wanda zai taɓa sanin me ya ce. Ni zan daɗe. Zan daɗe in zauna a nan da firji, in ga…

A'a. Tuƙa tuwo.

Ya kama ƙasan tukunya, ina jin ƙauri. Ban taɓa ƙona tuwo ba tun ina amarya.

Da ta tambaye ni. Sau ɗaya tak. Da ta zauna ta ce Mama, kin taɓa kwalaben nan? Ba zan iya cewa a'a ba, wannan kam na san kaina. Na jira. Duk Lahadi in ta bugo waya ina riƙe da ita a kunne ina jira. Ta tuhumi direban mota, ta tuhumi kula, ta sa an bincika har Legas, ta rubuta wa masu injin can su sake duba aikinsu. Yarinyar da ke tsare manyan maza da tambaya, me kake shaƙa, awa nawa, tun yaushe. Kowa ta tambaya ban da ni. Don me za ta tambaye ni? Wa ya taɓa tambayata wani abu a gidan nan ya tashi lafiya? Ni na cire musu wannan tun suna ƙanana, da hannuna, na ɗauka tarbiyya ce na gama.

Mota. Ta tsaya a bakin hanya, ba ta shigowa lungun nan in an yi ruwa. Ƙarar ƙofa. Takunta ne, tana jan ƙafar hagu kaɗan kamar kai.

Hannuna duk gari. Ɗankwalina ya zame… bar shi.

In na fara da Joel — a'a, in na fara da ran Asabar ɗin. Dinah, ranar da kika tafi Danko. Dinah, zauna. Ban taɓa ce mata zauna ba sai in zan yi faɗa, za ta ɗauka ita ta yi laifi, za ta fara sunkuyar da kai, Dakta guda…

“Mama, barka da Lahadi. Na iso.”

Ga inuwarta a kan labule. Takarda a hannunta, jerin sunayen gobe ne. Ta cire takalmi, ta jera su gefe. Ba za ta ɗaga labulen ba sai na ce ta shigo, ko za ta kai magariba a nan. Ni na koya mata.

Ƙaurin ya cika ɗakin, na san tana ji, ba za ta ce kome ba.

Muciyar ta yi mini nauyi. Na gaji, Baban Joel. Tana nan tsaye tana jira in buɗe baki.